Birkilan da ya ƙirga sunkuyon magina

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka tsakura mini fili in yi magana a kan wani Ba'amurke da ya bar duniya tun 1924, wanda sana'armu ɗaya da shi. Ni birkila ne. Da kwanon sarki na fara, na zo na riƙe cokali, daga baya na yi heluma, yanzu kuma ciwon ƙugu ya sauko da ni daga kan gini, sai dai in zaga in duba aikin yaran da na koya wa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganar da ta zama ruwan dare a bakin masu ba da aiki, wai ma'aikacinmu malalaci ne, ba ya motsi sai an tsaya a kansa da tsawa. Ni kuwa na yi imani mafi yawan abin da suke kira lalaci gajiya ce da rashin tsari ya jawo, kuma tsarin nan ba a hannun lebura yake ba. Cikin waɗanda suka nuna haka da hujja akwai Frank Gilbreth. Wani malaminmu a makarantar koyon sana'a ne ya fara ba mu labarinsa, ni kuma na ci gaba da bibiyar abin da aka rubuta a kansa.

An haife shi a 1868 a garin Fairfield da ke jihar Maine. Mahaifinsa ya mutu yana ɗan shekara uku, daga baya uwar ta kwashi 'ya'yanta ta koma Boston. Ya ci jarrabawar shiga babbar makarantar fasaha ta MIT, amma bai shiga ba. A 1885, yana da shekara 17, sai ya tafi wurin wani ɗan kwangila ya zama yaron gini.

Tun farkon zuwansa ya lura da abin da duk wanda ya yi koyo ya sani. Maigidan da aka haɗa shi da shi yana da hanya ɗaya ta aza bulo idan yana koyarwa, wata daban idan yana aikinsa a natse, wata kuma idan ana sauri. Ya duba na kusa, shi ma da nasa hanyoyin. Mu nan idan yaro ya tambayi dalili, sai a ce masa kowane gwani da hannunsa, ya ja bakinsa ya ci gaba da kallo. Gilbreth bai gamsu da irin wannan amsa ba. A ganinsa, tunda hanyoyin sun yi yawa haka, dole akwai wadda ta fi sauran sauƙi ga jiki, kuma ita ya kamata a koya wa yaro tun ranar farko, maimakon a bar shi ya shekara yana lalube. Bai daɗe ba ya zama heluma, sannan mai kula da aiki gaba ɗaya, a 1895 kuma ya kafa kamfaninsa na kwangila, ya gina masana'antu da madatsun ruwa a sassan Amurka. Na kawo wannan ne don kada a ɗauka malamin ofis ne da ya zo koya wa magina gini. Hannunsa ya sha siminti.

Da ya zauna ya ƙirga, sai ya samu birkila yana motsi 18 kafin ya aza jan bulo ɗaya. Bari in bi abin daki-daki, domin duk mai sana'ar zai ga kansa a ciki. Bulo yana zube a ƙasa, an juye shi yadda ya faɗi. Ka taka zuwa wurinsa, ka sunkuya, ka zaɓa, ka miƙe, ka jujjuya shi a hannu kana neman fuskar da ta fi kyau. Ka taka zuwa wurin kwaɓi, ka sake sunkuyawa, ka cakuɗa shi da cokali don ya fara ƙamewa, ka ɗebo, ka dawo jikin bango, ka shimfiɗa, ka aza, ka ƙwanƙwasa da gindin cokali sau biyu ko uku, ka kankare abin da ya tsatso. A cikin wannan duka, motsin da ya ƙara wa bango tsawo bai wuce a ƙirga shi da yatsun hannu ɗaya ba. An yi lissafin a lokacin: mutum mai nauyin kusan kilo 68 yana saukar da jikinsa ƙafa biyu ya sake ɗaga shi, don kawai ya ɗauko bulon da bai kai kilo biyu da rabi ba. Ashe mafi yawan abin da yake ɗagawa tun safe har yamma jikinsa ne.

Maganin da ya kawo duk abin da kafinta zai iya haɗawa ne. Ya ƙera dandamalin da ake ɗagawa kaɗan-kaɗan yayin da bango yake tashi, aka ware lebura wanda aikinsa ke nan, ta yadda inda ake aza bulo kullum yana daidai hannun birkila. A kan dandamalin ya sa benci inda ake ajiye bulo da kwaɓi, don kada a sunkuya. Tun daga ƙasa leburori suke tantance bulo, su jera shi a kan ɗan katako, fuskar mai kyau tana inda hannu zai kama, su hau da shi a haka. Ya sa a daidaita ruwan kwaɓi yadda dannawa da hannu ta isa bulo ya zauna, ba sai an ƙwanƙwasa ba, ya kuma sa a riƙa zuba kwaɓin a akwati mai zurfi maimakon faffaɗan allo inda yake bajewa. Sannan ya koya wa magina su ɗauko bulo da hannu ɗaya, kwaɓi da ɗayan, a lokaci guda. Motsi 18 ya koma 5. A ginin wata masana'anta mai bango kaurin inci 12, maginan da suka saba da tsarin sun riƙa aza bulo 350 a awa kowannensu, alhali abin da aka saba yi a yankin 120 ne.

Malam Edita, a duba gyare-gyaren nan ɗaya bayan ɗaya. Wanne ne birkila zai iya yi shi kaɗai? Amfani da hannu biyun ne kawai. Dandamali, benci, akwati, leburan da zai jera bulo, mai kula da ruwan kwaɓi, duk kuɗin mai aiki ne da shawararsa. Babu tsawar da za ta sa katako ya ɗaga kansa.

Abin da ya ƙara sa labarin ya zauna mini, maginanmu na gargajiya sun riga sun gane rabin wannan tun tuni. Wanda ya ga ana ginin ƙasa a cikin birnin Zariya ko Kano ya san magini a kan bango yake zaune, yaro yana ƙasa yana cilla masa tubali da curin ƙasa, yana cafewa yana jerawa. Ba ya sauka, bango na tashi yana tashi tare da shi. Da muka koma bulo da siminti sai muka bar wancan tsari, ba mu kuwa ɗauki wani a madadinsa ba. Yau ka shiga ƙaramin wurin gini, za ka tarar da katako biyu a kan duro, bulo mai inci tara yana can inda mota ta ga damar saukewa, nesa da bango. Birkila ya fara da safe a durƙushe, da azahar yana tsaye, da la'asar yana ɗage yana ɗaga bulo sama da kafaɗarsa, domin ba a ƙara wa katakon tsawo sai abin ya gagara. Bulonmu kuwa ba jan bulon Boston ba ne da ake ɗauka da hannu ɗaya, namu sai hannu biyu da nishi. Ruwa yana gabas, yashi yana yamma, buhun siminti mai kilo 50 yana ɗakin ajiya a bayan fili. Da yamma mai aiki ya zo ya ƙirga bulon da aka aza, ya ce an ci kuɗinsa. Na san birkilolin da ba su kai hamsin ba amma ba sa iya sallah sai a zaune.

Ita ƙirgar yamman nan tana da nata uban. Ba a maganar Gilbreth a tsallake Frederick Taylor, mutumin Philadelphia, wanda ya girme shi da shekara 12, kuma shi duniya ta fi sani. Taylor injiniya ne a masana'antar ƙarfe, makaminsa agogon ƙirga daƙiƙa. Gwajinsa da ya fi shahara shi ne na kamfanin Bethlehem Steel a 1899, inda leburori suke loda guntayen ƙarfe, kowanne kusan kilo 42, a taragon jirgin ƙasa. A yadda shi ya ba da labarin, kowane mutum yana loda tan 12 da rabi a yini. Sai aka zaɓi mutum ɗaya, aka sa masa mai agogo yana ce masa ɗauki, tafi, zauna, har ya kai tan 47 da rabi. Ladansa ya tashi daga dala 1.15 zuwa dala 1.85. Aiki ya kusa ninkawa huɗu, kuɗi ya ƙaru da kashi 60 cikin ɗari. Masu binciken tarihi sun nuna daga baya cewa ya ƙawata labarin, amma ko a yadda ya faɗe shi akwai abin dubawa. Shi da kansa ya rubuta cewa mutum ɗaya cikin takwas ne kawai jikinsa zai ɗauki wannan aiki, ya kuma rubuta cewa wanda ya dace da shi mutum ne mai daƙiƙancin da ya fi kama da sa. Wannan magana tana ci mini rai, domin ni ma na yi dako, kuma na san yawan lissafin da ɗan dako yake yi a kansa kafin ya taka tsani da kaya. Shi ya sa ban yi mamaki ba da na karanta cewa a 1911 ma'aikatan masana'antar makamai ta gwamnati a Watertown sun ajiye aiki da aka zo musu da agogon, majalisar dokokin Amurka ta kafa kwamiti ta kira Taylor ya yi bayani, daga 1915 kuma aka hana amfani da agogon a irin waɗannan ma'aikatu.

Amma a yi wa Taylor adalci. Shi ma ya wajabta hutu. A lissafinsa, mai ɗaukar irin wancan nauyi kada ya wuce kashi 43 cikin ɗari na yininsa da kaya a hannu. Ya kuma gwada shebur har ya gano cewa ɗiban da ya fi dacewa kusan kilo 9 da rabi ne, ya sa kamfani ya tanadi shebur iri-iri, babba ga abu marar nauyi, ƙarami ga mai nauyi. Masu ba mu aiki ƙirgar kawai suka gada, hutun da sheburin ba su iso nan ba.

Mutanen biyu sun haɗu a 1907, Gilbreth ya ɗauki Taylor tamkar malami, Taylor kuma ya sa labarin aza bulon nan a littafinsa na 1911. Zuwa 1914 sun ɓata. Akwai dalilan kasuwanci a ciki, amma akwai bambancin fahimta na gaske. Agogo yana gaya maka tsawon lokacin da aiki ya ci, ba ya gaya maka abin da ya cinye lokacin. Idan lokaci kawai ka sani, abin da za ka ce wa ma'aikaci shi ne ya ƙara sauri. Wanda ya san motsin da ake yi shi ne zai iya cewa a kawo benci.

A nan dole in ambaci matarsa, domin rabin aikin nata ne. A 1904 ya auri Lillian Moller, 'yar California da ta karanci adabi, wadda a 1915 ta samu digirin digirgir a ilimin halayyar ɗan Adam daga Jami'ar Brown. Sun haifi 'ya'ya 12. A 1912 ya bar kwangila, su biyun suka koma ba masana'antu shawara. A wata masana'anta a birnin Providence suka fara ɗaukar ma'aikata hoton majigi suna aiki, da agogo a cikin hoton, da zanen murabba'ai a bango don a iya auna nisan da hannu ya yi. Daga baya suka riƙa ɗaura ƙananan fitilu a yatsun ma'aikaci, hoto ya fito da zanen hanyar da hannunsa ya bi, a nuna masa ya gani da idonsa. Sun kasa duk aikin hannu gida 17, irin su nema, zaɓa, kamawa, ɗauka, riƙewa, sakewa da dubawa. Abin da ya fi burge ni a jerin, hutun warware gajiya yana cikinsa a matsayin wani ɓangare na aiki. Jinkiri ma sun raba shi biyu, wanda ma'aikaci ya jawo da wanda ba shi da hannu a ciki. Duk birkilan da ya taɓa zama a inuwa da cokali a hannu yana jiran a sayo siminti, mai aiki ya iso ya tarar da shi a zaune ya hau faɗa, ya san amfanin wannan rabo.

A 1916 suka fitar da littafi sukutum a kan gajiya. Sun ce gajiya iri biyu ce, ta dole wadda aikin kansa yake kawowa, maganinta hutu, da ta banza wadda mummunan tsari yake kawowa, maganinta a kawar da ita. Suka yi magana a kan kujera, da matakin ɗora ƙafa, da haske, da tsayin tebur. Sun kuma ce idan gyara bai ƙara wa ma'aikaci mintocin jin daɗi a rayuwarsa ba, to bai cika manufarsa ba. Haka ya shiga ɗakin tiyata ya ga likita yana ɓata lokaci wurin neman almakashi da wuƙa majiyyaci yana kwance a buɗe, ya ba da shawarar a jera kayan bisa tsari, nas ta riƙa sa wa likita a hannu. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya da bayansa kuma suka duƙufa kan yadda sojan da ya rasa hannu ko ƙafa zai koma sana'a.

Ranar 14 ga Yuni, 1924, yana tashar jirgin ƙasa a Montclair ta jihar New Jersey, yana magana da matarsa ta wayar tarho, zuciyarsa ta tsaya. Shekararsa 55. Saura kwanaki kaɗan ya tafi Turai taron masana tsarin aiki a birnin Prague. Lillian ta hau jirgin ruwa ta tafi a madadinsa. Da ta dawo, kamfanoni da dama suka janye aikinsu saboda mace ce, ga 'ya'ya 11 a gabanta. Sai ta buɗe aji a gidanta, ta kuma juya ga ɗakin girki, tana auna tsayin teburin aiki da yawan takun da mace take yi kafin ta gama abinci. A 1935 ta zama farfesa a Jami'ar Purdue, a 1965 ta zama mace ta farko da aka zaɓa cikin majalisar manyan injiniyoyin Amurka, ta mutu a 1972 tana da shekara 93. Idan na ga iyayenmu mata sun duƙa da gajeriyar tsintsiya suna share tsakar gida, ko sun yini a sunkuye a bakin murhu, nakan ce su ma babu wanda ya taɓa ƙirga musu.

Ban ce Gilbreth waliyyi ne ba. Ɗan kwangila ne mai neman riba, kuma ƙungiyoyin magina sun yi masa yajin aiki. Tsoronsu yana da tushe: idan mutum ɗaya ya aza bulon mutum uku, ina biyun za su? Kuma tantance bulo da ya miƙa wa leburori, ai don ladansu bai kai na birkila ba ne. Na san wannan tsoro, na ji shi a bakin yarana. Abin da nake ce musu shi ne, ƙasarmu ba ta rasa ginin yi ba, abin da ya yi yawa shi ne ginin da ya tsaya a linta saboda kuɗi ya ƙare. Kuma ga wanda yake aikin jinga, ana biyansa bisa bulon da ya aza, benci riba ce kai tsaye, muddin ba a taɓa farashin ba. Nan ne gizo ke saƙar. Da zarar an ga yaro ya fara samu, sai a ce aikin ashe ba wuya, a rage kuɗin kowane bulo. Shi kuwa ba wawa ba ne, gobe sai ya ja hannu. Taylor kansa ya la'anci wannan ɗabi'a ta rage farashi, ya ce ita take koya wa ma'aikata jan ƙafa. Dalilin da ya hana ɗan kwangilarmu sayen katakon benci kuwa a fili yake. Ƙarfin lebura ya fi katako araha, idan wannan ya karye gobe da asuba akwai goma a bakin titi da shebur ɗinsu suna jira.

Saboda haka ba na jiran masu ba da aiki su fara. A wuraren da yarana suke karɓar jinga, na roƙe su kafin motar bulo ta iso su tsaya su nuna inda za a sauke, a rarraba shi jikin kowane bango, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Duron ruwa da yashi su zauna kusa da inda ake kwaɓi. Daga ragowar katakon da kafinta ya cire a haɗa benci daidai ƙugu, a kuma ɗaga dandamali tun kafin bango ya wuce ƙirji. Waɗanda suka jure wa dariyar abokan aiki suka riƙe wannan, ba su koma tsohuwar hanya ba.

Ina kira ga malaman makarantun koyon sana'a. Na'urar majigin da Gilbreth ya sha wahalar samu, yau tana aljihun kowane ɗalibi. A ɗauki yaro bidiyo yana aza layi ɗaya na bulo, a zauna da shi a aji a ƙirga sau nawa ya sunkuya, taku nawa ya yi hannu wofi, sannan a bar shi shi da kansa ya faɗi abin da za a matsar. Ƙungiyoyin magina kuma, idan an zo yarjejeniyar jinga, kada a tsaya ga kuɗin bulo kaɗai. A sa a rubuce cewa dandamali da benci da kawo ruwa kusa haƙƙin mai aiki ne, kuma farashin da aka yanka ba zai sauka ba don aiki ya yi sauri.

Na gode da filin da ka ba ni. Wassalam.

Naka,
Wani tsohon birkila,
Tudun Wada, Zariya.